Ninkin Inna

Yayata ta shafe shekara talatin da ɗoriya tana share benen wani kamfanin inshora. Ta fara tun ana dirzar siminti da buroshi, ta gama ana goge tayil da mofa. Duk tsawon shekarun nan riga iri ɗaya take sawa, ruwan toka, mai maɓallai a gaba da aljihu biyu da tambarin kamfani a ƙirji. Idan ta koɗe su ba ta wata. Da ita take fita da sassafe, da ita take dawowa, har mutanen layinmu suka manta tana da wasu kayan.

Ni tela ne, ƙaninta, autan gidan. Ba ni da yawan magana, kuma ban cika yarda da mai yawanta ba. A shagon nan na ji alkawari iri-iri, ga su can a rataye a jikin ƙusa suna shan ƙura. Abin da hannu ya yi shi nake dubawa. Saboda haka idan na ce Yaya mutum ce, ba kirari nake mata ba. Da Baba ya rasu ina ƙarami, Inna tana wankau a gidajen mutane, Yaya ta ajiye makaranta ba tare da kowa ya ce ta ajiye ba. Ita ta riƙe hannuna ta kai ni wurin koyon ɗinki. Keken da nake takawa har yau ita ta ɗauko kansa a ka daga tasha, tana tafe tana haki, ni ina biye da ƙafar keken a baro. Ba ta taɓa tuna mini ba. Ta yi aure, mijin direban babbar mota ne, hanya ta cinye shi 'yarsu tana goye. Yarinyar ta girma ta yi aure can nesa, yanzu sai dai waya. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni dai na ga mai dafawar, romon ne ban gani ba.

Da Inna ta rasu abin da ta bari bai taka kara ya karya ba. Bahon wanki biyu, dutsen guga na gawayi, da akwatin ƙarfe. A ƙasan akwatin akwai yadi. Auduga ce zalla, shuɗi mai duhu da ƙananan ganyaye farare, irin wanda aka daina yi tuntuni. Inna ta saye shi da guminta tun tana da ƙarfi, ta ce za ta ɗinka ranar da ta huta. Lokacin da na fara koyon ɗinki na ce ta kawo in ɗinka mata, ta ce, “Kai da ko aljihu ba ka iya kafawa ba? Bari hannunka ya faɗa tukuna.” Da hannuna ya faɗa na sake tambaya, ta ce, “In sa in je ina da shi? Bakin baho?” Haka aka ɗauke ta yadin yana ninke.

Yaya ta gaji yadin, ta gaji maganar. Duk lokacin da na taɓo zancen sai ta ce sai ranar da ta huta. Har na gaji na daina.

Wata safiya ta shigo shagona da ƙunshi a hammata. Ta ture ƙyallayen da ke kan benci ta zauna, ta miƙe ƙafafu don gwiwoyinta sun daɗe da daina son lanƙwasa.

“Auta, kwashe tarkacen nan daga kan tebur.”

Na kwashe.

“Sun ce shekaruna sun cika. Ƙarshen wata zan ajiye.”

Akwai wani tsoho mai guga da muke haɗa baranda da shi, tun ina saurayi muke tare. Yaya tana kiransa Ƙona-Riga, saboda wata rigarta da ya taɓa babbakawa ba ta yafe ba. Ya leƙo da dutsen guga a hannu.

“Shugabar bene da kanta! Yau wa ya mutu kika zo mana da safe?”

“Kai zan tambaya, Ƙona-Riga. Rigar wa ka binne yau?”

Sai ta yi mana bayani. A kamfanin, duk wanda zai yi ritaya ana tara ma'aikata a ɗakin taro, a yanka kek, a sha lemo, manaja ya yi jawabi, a ɗauki hoto. Hoton sai a sa shi a gilashi a rataye a bangon hanyar da ke bi ta gaban ofisoshi. Ba wanda ya san hotunan nan kamar Yaya, don ita ke goge su.

“Kowa da kayansa na gida yake zuwa,” in ji ta. “Sai ka ga mutum ka ce ashe haka wane yake. Direba ma da kwat ya zo. Ni kuwa a wurin nan ba wanda ya taɓa ganina sai a cikin tokar nan. In dai za a rataye ni a bango, a rataye ni da kayana.”

“Me kika sata za a rataye ki?” in ji mai guga.

Ba ta kula shi ba. Ta kwance ƙunshin. “Na huta, Auta. Ga shi.”

Na wanke hannu kafin in taɓa. Yadin ya fito kamar allon katako, kusurwa huɗu cif, gefensa kamar bakin wuƙa, yana warin kafur da sitaci.

“Wa ya yi wannan gugar?”

“Ni mana. Wa zan bai wa, wannan?” Ta nuna mai guga da haɓa. “Duk shekara sai na fito da shi na shanya a inuwa, in yayyafa ruwan sitaci, in goge da dutse mai zafi sosai, in mayar. Kuma a kan ninkin Inna nake mayarwa. Yadda ta ninke da hannunta, ban taɓa kaucewa ko da faɗin farce ba.”

Da alfahari ta faɗa. Mai guga ya ajiye dutsen a hankali.

Na warware yadin na ɗaga shi a bakin ƙofa wajen haske. Duk inda ninki ya bi akwai wani layi fari-fari, a tsaye da a kwance, haske yana ratsowa ta cikinsa kamar ta rariya. Na kama can gefe da manyan yatsuna na ɗan ja kaɗan. Ya rabu. Ko ƙara bai yi ba, kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Yadi ba ya son ninki ɗaya. In za a ajiye shi da daɗewa sai a naɗe shi, ko a riƙa sauya masa ninki. Zafi da sitaci a kan layi guda, shekara da shekaru, sun cinye zaren. Da ta jefa shi a ƙasan akwati ta manta da shi, da ya fi haka lafiya.

“Asu ne?” in ji ta.

“Ba asu ba ne.”

“To mene ne?”

Mai guga ya yi caraf ya ce, “Tsufa ne, Yaya. Mu ma ga mu nan, duk inda aka ja sai mu yage.”

Ba shi take kallo ba, ni take kallo. Ban iya ƙarya ba, kuma ita ta san ban iya ba.

“Gugar ce,” na ce. “A kan ninki ɗaya.”

Ta sa tafin hannu ta shafa yadin, hannun nan da sabulu ya cinye har ya yi fari a tsakanin yatsu.

“Wato ni na kashe shi.”

Na sauke yadin a kan tebur.

“Ka ɗinka,” ta ce.

“Ba zai ɗinku ba, Yaya.”

“Ban tambaye ka ko zai ɗinku ba.”

“Bari in shiga kasuwa in nemo mai kama da shi. Ba wanda zai gane.”

“A kasuwar akwai wanda Inna ta saya?”

Ta tashi ta kakkaɓe riga ta tafi aiki, ta bar mini shi a kan tebur.

Ba wani aiki ne ya yi mini yawa ba dama. Tun da gwanjo da kayan kanti suka cika gari, ɗinkina ya koma sa zif da rage ƙafar wando. Mutum ya sayi riga yau, jibi ta ɓarke, ya yar ya sayi wata, ba ruwansa da tela. Saboda haka lokaci ina da shi. Abin da ba ni da shi yadi ne.

Na shimfiɗa shi na duba. A tsakanin layukan ninkin akwai wurare masu sauran rai, kowanne bai fi taƙi biyu ba. Na bi kowane layi da alli, na yanke ruɓaɓɓen na zubar, ya zama ina da tarin ƙyallaye masu kusurwa huɗu. Dabarar ita ce in harhaɗa su, in daidaita ganyayen yadda ido ba zai ga mahaɗa ba, in yi masa shafi da farin yadi marar nauyi daga ciki don ya riƙe shi. Na gwada a keke, allura ta tauna gefen kamar ɓera. Dole na koma ɗinkin hannu, da ƙaramar allura da zare mai laushi, ni da idona ya fara neman gilashi. Wani ƙyallen sai na kusa gamawa ya buɗe a hannuna, in cire in sake yanko wani. Kowace rana yadin raguwa yake.

Da ta zo awo na lura ban taɓa auna ta ba. Kullum rage mata rigar kamfani nake yi, ba awo. Na ɗora tef na ga kafaɗarta ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, aikin bokiti. Bayanta ya ɗan rankwafa daga wuya. Damtsenta kuwa kamar na ɗan dako.

“Me kake ta kallo? Ka auna mana.”

“Kafaɗunki ba ɗaya ba ne.”

“Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rubuta yadda ka gani.”

Jiki irin nata riga mai yalwa yake so, wadda za ta sake a baya da hammata. Yadin da ya rage bai isa yalwa ba. Na yi lissafi ta kowace hanya, na juya na sake juyawa, abin da ya fito shi ne doguwar riga daidai jiki, ba rarar ko yatsa biyu. Na ce mata in sa wani yadin a gefe da gefe don ta samu sakewa. Ta ce a'a, daga waje kada a ga komai sai na Inna.

Ana saura kwana kaɗan na gama. Mai guga ya ƙi yarda ya taɓa ta da dutse. Ya ɗora damshin ƙyalle a kai ya riƙa dannawa da tafin hannu, yana cewa shi kam ba za a sake kama shi da laifi a gidan nan ba.

Ta shiga bayan labule ta sa. Na taya ta jan zif a hankali, ta fito ta tsaya gaban madubin shagon, wanda ya tsage a kusurwa. Ta daɗe tana kallo. Shuɗin ya karɓe ta. Na cusa ɗan auduga a kafaɗar dama, sai ga ta tsaye sak kamar ba ta taɓa ɗaukar bokiti ba.

“Ashe ina da wuya,” in ji ta.

Mai guga ya dafe ƙirji. “Auta, wa zan gani a gidanku? Na shigo layi.”

“Ka fara biyan rigata da ka ƙona.”

Na bari suka gama, sannan na ce, “Yaya, ki saurare ni. Rigar nan ta tsayuwa ce da zama a hankali. Kada ki ɗaga hannu sama da kafaɗa. Kada ki miƙa hannu nesa. Kada ki sunkuya. Ko makullinki ne ya faɗi, ki bari wani ya ɗauko.”

“Rigar manya kenan,” ta ce. “Wadda ba a sunkuyo da ita.”

“Da gaske nake.”

“Na ji. Yini ɗaya ne, ai zan iya zama babbar mutum na yini ɗaya.”

Ranar na rufe shago na bi ta, da allura da zare a aljihu. Na hana ta shiga bas saboda turereniya, muka ɗauki tasi. Ta zauna a miƙe ba ta jingina ba, hannuwa a kan cinya, kamar mai ɗauke da ƙwai.

A bakin ƙofar kamfanin mai gadi ya tare mu. “Sannu baiwar Allah, wa kuke nema?”

“Ubanka nake nema,” in ji Yaya.

Ya ƙura mata ido, sai ya riƙe baki. “Mama! Ke ce? Wallahi na ɗauka matar mai kamfani ce!” Ya ƙame ya sara mata, ta wuce tana dariya. Ni dai ban taɓa jin ta yi irin wannan dariyar ba. A lif ma ta shiga, ita da kullum matakala take bi da bokiti.

A sama wata sakatariya ta tarbe mu, yarinya mai fara'a. Ta zagaya Yaya tana tafa hannu.

“Mama, a ina kika samo wannan? Ai ba a samun irinsa!”

“Na mahaifiyata ne. Ƙanina ya ɗinka.”

“Kin ga, shi ake yayi yanzu. A ɗauko yadin gado a kai wa tela ya zauna ya yi shi a tsanake. Mutane sun gaji da kayan saya-yau-yar-gobe. Kawu, ba ni lambarka, akwai na kakata a gida.”

Na ba ta. Har yau ba ta kira ba.

Ɗakin taron dogo ne, da dogon tebur a tsakiya. An jera kek da kofuna da wani babban jug na gilashi cike da jan lemo. Ma'aikata sun tsaya a jikin bango, wasu suna latsa waya. Aka zaunar da Yaya a kujerar kan tebur, kusa da manaja. Na ga tana shafa hannun kujerar da yatsa tana duba ko da ƙura. Mai hoto yana gefe yana haɗa kayansa. Aka ce jawabi tukuna, hoto daga baya.

Manaja ya tashi. Ba mugun mutum ba ne, matashi ne mai son a ji muryarsa. Ya ce Mama uwa ce ga kowa. Ya ce kamfani gida ne, ita ce ginshiƙinsa. Ya ce ba za a taɓa mantawa da ita ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon takalmana. Da ya zo wurin da yake cewa ƙofar nan a buɗe take gare ta har abada, sai ya ware hannu ya nuna ƙofar, hannun ya doki jug.

Jug ɗin ya kife. Lemo ya malale a kan tebur, ya gangaro ta gefe ya zuba a tayil, ya kama hanya zuwa ƙarƙashin ƙafafun mutane. Kowa ya ja da baya yana ɗage ƙafa. Wata ta ce wayyo takalmina. Aka tsaya ana kallon lemon yana tafiya.

Ina so a fahimci wannan: ba wanda ya ce ta yi. Ko kallonta ba wanda ya yi. Kamfani ya riga ya ba wasu 'yan kwangila aikin shara, sai mako mai zuwa za su fara, saboda haka a duk ginin ba mai gogewa. Ita kuwa shekara talatin da ɗoriya ba ta taɓa ganin ruwa a tayil ɗin nan ta tsaya ba. Kafin in buɗe baki ta miƙa hannu ta wawuri takardun goge hannu daga tsakiyar tebur, ta zube a kan gwiwoyinta.

Na ji ƙarar daga bakin ƙofa. Bayan rigar ya buɗe daga wuya har ƙugu. Ba ɗinkina ne ya saki ba, yadin ne ya rabu a gefen ɗinkin. Ta ji, ta zabura za ta miƙe, sai hammata ta bi, sai gefe. Ƙyallayen shuɗin suka riƙa reto a jikin farin shafi. Gaban rigar daga gwiwa zuwa ƙasa ya sha jan lemo.

Yaya ta tsaya a durƙushe, ta kalli hannun rigar, ta kalli tayil. Sai ta ci gaba da gogewa. Ta bi lemon har ƙarƙashin tebur, ta tattara jiƙaƙƙun takardun ta zuba a kwandon shara, ta dafa kujera ta miƙe.

“A kula, da santsi,” ta ce musu.

Na cire rigata ta sama na yafa mata, na ja ta muka fita. Ta kai ni wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala inda take ajiye bokitai da tsintsiya. Ba taga, sai ƙwan fitila ɗaya da warin sabulu. Mutum biyu da ƙyar suke tsayawa. Na zura allura na fara kamawa. Duk inda na soka na ja, zaren sai ya yanko yadin ya fito. Na matsa ciki na sake sokawa, ya sake fitowa. Ina kama nan, can yana buɗewa.

“Bari, Auta.”

“Tsaya in gwada ta shafin.”

“Na ce ka bari.”

Aka ƙwanƙwasa. Sakatariyar ce, murya ƙasa-ƙasa. “Mama, ki yi haƙuri, mai hoto ya ce yana da wani aikin a gaba.”

A jikin ƙusa rigar kamfani tana rataye. Yaya ta wanke ta ta goge tun jiya don ta mayar musu da kayansu. Ta miƙo mini tawa, ta sauko da ita ta ɗora a kan ta Inna, ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya har wuya.

“Ki ce su ɗaga hoton zuwa wata rana,” na ce. “In nemo wani yadi.”

“Wata rana kuma?” ta ce, ta buɗe ƙofa.

Aka jera, ita a tsakiya, manaja a damanta yana ta ba da haƙuri. Shuɗin yana leƙowa ta ƙasan rigar, amma mai hoto daga ƙugu zuwa sama ya ɗauka. Ya ce a yi murmushi, ta yi. Aka yanka kek aka naɗe mata nata a takarda. Da za mu fita mai kula da kaya ya biyo mu da gudu yana sosa ƙeya, ya ce rigar kamfani fa. Yaya ta ce gobe za ta aiko. A bas muka koma.

Fanshon bai isa komai ba, wannan dama kowa ya sani. Wata bai zagayo ba ta samu aikin goge wani kantin magani da safe, da gidan mai kantin da yamma. 'Yarta ta kira ta ce ta dawo wurinta ta zauna, amma su ma ɗaki ɗaya ne da yara. Yaya ta ce ta gode.

Bayan 'yan makonni ta shigo shagona da leda. Ta zazzage a kan tebur. Rigar ce, ta wanke ta, wankin ya ƙarasa abin da ya rage. Jan lemon bai fita duka ba.

“Yanka mini,” ta ce. “Kamar tafin hannu biyu-biyu. Ka bar shafin a jiki, ka kalmashe gefen kada ya zare.”

“Ki yi me da su?”

“Mai kantin ba ya sayen abin goge-goge. Wai in zo da nawa.”

Mai guga yana bakin ƙofa. “Haba Yaya. Ga ƙyallaye nan buhu guda a shagon nan, ki ɗiba mana.”

“Na roba ne, ba sa shan ruwa. Kai me ka sani ban da ƙonawa?”

Na ce ba zan yanka ba. Ta ce to in ba ta almakashi. Na san za ta yi, kuma za ta yi shi a karkace. Na zauna na yanka. Tsakiyar ƙyallayen da sauran ƙarfi, da shafin a baya sai suka yi kauri. Na bi gefen kowanne da keke, wannan karon ba ruwana da abin da allura za ta tauna. Tana zaune a benci tana karɓa tana jerawa a cinya.

Na ware guda ɗaya, wanda ganyen ya fito sosai a tsakiyarsa, na tura gefe.

“Wannan fa?”

“Nawa ne.”

“Ka yi me da shi? Ka sa a akwati?” Ta miƙo hannu. “Kawo nan.”

Na ba ta. Ta tsoma shi a kwanon ruwan da mai guga ke yayyafi da shi, ta matse, ta goge kan kekena da shi, ta bi teburin har kusurwa. Ta juya ƙyallen ta duba dattin da ya kwaso.

“Ka gani? Auduga ce ta gaske. Inna ta san kaya.”

Ta zuba sauran a leda, jiƙaƙƙen ta riƙe a hannu. Ta leƙa waje ta ga inda rana ta kai, ta ce ta makara, matar mai kantin ba ta son jira. Ta dafa ƙofa ta sauka daga baranda da ƙafa ɗaya-ɗaya saboda gwiwa. Ni kuma na jawo wandon wani da ke jiran zif tun shekaranjiya.